Poliocephalus: furfura ce ko toka?

Mai Fassara:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Taimako nake nema a kan kalma ɗaya, *poliocephalus*. Ina juya bayanan wasu dabbobi zuwa Hausa don 'yan sakandare, kuma duk inda sunan kimiyya ya fito ina so in faɗi ma'anarsa, don kada yaro ya yi ta hadda bai san abin da yake faɗa ba.

Kalmar haɗin Girkanci ce: *polios*, wani launi tsakanin fari da baƙi, da *kephale*, wato kai. Tun da Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, ya daidaita tsarin ba kowace dabba suna mai kalma biyu a 1758, masana ke ɗinka irin waɗannan sunaye daga Girkanci da Latin, kuma wannan yana cikin masu yawan fitowa. Akwai wani ƙaton jemage a gabashin Ostareliya, *Pteropus poliocephalus*, wanda masanin dabbobi Temminck ya raɗa wa suna a 1825. In ya buɗe fukafukai yakan kai mita guda, babban namiji kuma yakan kusanci kilo ɗaya. Akwai wata kazar ruwa shuɗiya mai jan baki a Indiya da maƙwabtanta, *Porphyrio poliocephalus*. Akwai wata irin dinya a Chile da Ajantina, *Chloephaga poliocephala*, wadda ƙarshen kalmarta ya koma *-a* saboda sunan da ke gabanta tamace ne a nahawunsu. Har kusa da gida akwai shi: wani ɗan tsuntsun kurmi a tsaunukan Kamaru da tudun Obudu na jihar Kuros Riba, *Phyllastrephus poliocephalus*.

Abin da ya fara zuwa mini shi ne "mai kai mai launin ruwan toka". Daidai ne, amma ya yi tsawo, ba abin da za a liƙa wa suna a riƙa kira ba ne. Na kuma yi tunanin "mai kan toka" da "mai furfura". Zuciyata ta fi karkata ga furfura, domin ƙamusoshin Girkanci sun nuna *polios* kalma ce da aka fi yi wa gashin tsoho. Me kuka gani?

Malamar Bayoloji:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka da alheri da wannan aiki. Ni dai ban goyi bayan furfura ba, kuma dalilina daga aji na ɗauko shi. In ka rubuta "jemage mai furfura" a allo, kafin ka juyo yara sun gama yanke hukunci cewa tsohon jemage ake nufi. A kunnen Bahaushe furfura shekaru take faɗa kafin ta faɗi launi. Shi kuwa wannan jemage, saurayinsa da tsohonsa duk haka kansu yake, jinsin ne haka. Suna da zai sa malami ya tsaya gyara fahimta duk lokacin da ya ambace shi bai sauƙaƙa mana aiki ba. A ce "mai kai toka-toka" kawai, kowa ya gane.

Dattijon Katsina:

Malama, Allah ya yi miki albarka, amma ki bari in ɗan ja da ke. Hausawa sun riga mu ɗaukar furfura su ɗora wa abin da ba mutum ba. Akwai wani tsiro na busasshiyar ƙasa da muke ce wa furfurar gyatuma, mai farin fure mai laushi, har ana tsinko furen a cusa matashin kai da shi. Ba wanda ya taɓa jin sunan ya zaci tsiron ne ya tsufa. An ga kamanni ne aka faɗa.

Kuma furfura da toka ba launi ɗaya ba ne, a duba da kyau. Toka launi ne shimfiɗaɗɗe, bai ɗaya, ko'ina daidai. Furfura kuwa farin sili ne ya shiga cikin baƙi, in ka matso ka ga kowanne daban, in ka ja baya su haɗu. Mutanen da suka yi kiwon doki sun san wannan bambanci, shi ya sa ba su tara dawaki a suna ɗaya ba: akwai kili, akwai hurde mai dabbare-dabbare, akwai danda, akwai akawal. Mu ne yanzu muke son mu zuba komai a cikin "ruwan toka".

Shi ma "ruwan toka" ina da magana a kansa. A gidajenmu ruwan toka shi ne wanda mata ke tsiyayewa daga tokar kara su sa a miya maimakon kanwa, kuma wanda ya taɓa ganinsa a kwano ya san launinsa ya fi kusa da na shayi.

Malamar Bayoloji:

Baba, na karɓi maganar furfurar gyatuma, hujja ce mai ƙarfi. Amma "ruwan" da ke cikin ruwan toka na launi, shi ne dai na ruwan goro da ruwan hoda da ruwan ƙasa, ba na tukunya ba. Wannan ya riga ya zauna a bakin mutane.

Mai Kallon Tsuntsaye:

Malam Mai Fassara, kafin a yanke, ina ganin ya kamata a san cewa ba kalma ɗaya ce ke gabanka ba. In ka ci gaba da wannan aiki za ka ci karo da dangin *poliocephalus* masu yawa, kuma littattafan Ingilishi kan tattara su duka su ba su fassara ɗaya. Idan muka bi ta kan Ingilishi, mu ma za mu rasa bambancin da ke cikin asalin.

A Latin akwai *canus*, wadda ita ma ta gashin tsoho ce. Daga ita aka sami *caniceps*, kamar a *Prionops caniceps* na kurmin Afirka ta Yamma, da *canicapillus*, kamar a *Nigrita canicapillus* da ake samu a kudancin Najeriya. Wannan na biyun ma ya fito da maganar fili, domin *capillus* gashin kai ne. Sunan cewa yake yi "mai furfurar gashi", babu wata kwana.

Sai kuma wani gida daban, wanda tushensa toka ce ta murhu. *Spodos* da *tephra* a Girkanci toka ne, *cinis* a Latin toka ce. Akwai ɗan tsuntsun Saiberiya da Sin da Pallas ya kira *Emberiza spodocephala* a 1776, ma'ana mai kan toka, kalma da kalma. Zalɓen nan da muke gani tsaye a fadamun Haɗeja da Nguru, Linnaeus ya sa masa *Ardea cinerea*, zalɓe mai launin toka, ɗan'uwansa kuma da ke yawo a gonaki shi ne *Ardea melanocephala*, mai baƙin kai. Akwai ma waɗanda suka ɗauko launin daga ƙarfe: wata kurciya ta Meziko da ƙasashen da ke kudu da ita sunanta *Leptotila plumbeiceps*, mai kan dalma. Duk wanda ya taɓa ganin an narka dalma ta huce ya san launin, toka ce mai duhu da ɗan shuɗi-shuɗi.

To ka ga abin da ya burge ni. Mutanen da suka ƙera waɗannan sunaye wurare biyu suka fi duba don su kama wannan launi, kan tsoho da bakin murhu. Hausa ma wuraren nan biyu ta duba. Muna da furfura, muna da toka. Ban ga dalilin da zai sa mu jefar da ɗaya ba alhali asalin ma biyu ne.

Kuma akwai tsuntsun da ba abin da ya dace da shi sai furfura. Wani ɗan tsuntsun ruwa ne mai nutso a tafkunan Ostareliya, wanda aka ninka masa kalmar, *Poliocephalus poliocephalus*. Lokacin aure kansa baƙi-baƙi ne, sai fararen gashi sirara su fito su kwanta a kai daga goshi zuwa ƙeya, kamar kan dattijon da ya shafa mai ya taje. A nemi hotonsa a intanet a gani. Wanda ya ce wa wannan toka bai kalle shi ba. Abin da Baba ya bayyana ke nan, farin sili cikin baƙi.

Ɗalibin Likitanci:

Yayyena, ku ba ni dama in ƙara wani abu daga ɓangarenmu, domin wannan *polios* ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ita ce a farkon *poliomyelitis*, cutar shan inna da aka yi shekaru ana yawon ɗiga wa yara rigakafinta gida-gida, har aka tabbatar a watan Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. An sa mata sunan ne domin ƙwayar tana lalata sashen laka mai launin toka, wanda jijiyoyin motsa gaɓoɓi ke fitowa daga cikinsa. A nan ba yadda za a ce furfura. Tsofaffin mawaƙan Girka ma sun yi wa teku da ƙarfe da kyarkeci wannan kalma.

Amma in gaskiya za a bi, Baba ma yana da shaida a littattafanmu. In wani yanki na gashin mutum ya yi fari shi kaɗai, *poliosis* ake kiran abin, furfurar tsufa kuma *canities*. Abin da na fahimta, kalmar tana da faɗi, amma da zarar an jingina ta da kai ko gashi, furfura take nufi. A *poliocephalus* kuwa da kai aka jingina ta.

Ɗan Maraɗi:

Sannunku da ƙoƙari. Mu nan wajenmu za ka ji tsofaffi na cewa habɗi da hurhura, amma toka da furfura ba wanda bai san su ba, don haka a rubutu a bar su yadda suke.

Ni ginin kalmar ne ya dame ni. Hausa tana da hanyar da take sa wa tsuntsu suna da launin jikinsa, kamar jan-baki da ke cinye mana gero. Wani zai ce to a bi sahu a ce "tokan-kai". Ba zai yiwu ba. Ja da fari da baƙi siffofi ne, suna iya shiga gaban suna su ce jan baki, farin kai, baƙin wuya. Toka kuwa suna ce, kuma tamace, in ka sa ta gaba sai ta zama "tokar kai", wato tokar da aka zuba wa mutum a ka. Dole a juya, kai ya zo gaba. Wannan ginin ma namu ne: kan-sarki da ake manna wa wasiƙa, idon-zakara, nonon-kurciya, duk gaɓa ce aka jingina da abin da ta yi kama da shi ko ta fito daga gare shi.

Matsala ɗaya ita ce "kan toka" a rubuce yana iya zama "a bisa toka". Yaro ya karanta "tsuntsu kan toka" ya ɗauka tsuntsun ya sauka a juji. Maganin wannan abu biyu ne: kada a yar da "mai", kuma a sa karan ɗori. Mai kan-toka, masu kan-toka. Namiji da tamace duk ɗaya, ba sai mun bi wahalar *-us* da *-a* ba.

Dattijon Katsina:

Madalla da wannan bayani, ɗana. Kan-toka ya zauna a baki. Da na ji shi a bakin maharbi ba zan ce sabo ba ne.

Malamar Bayoloji:

Kan-toka ya yi mini ni ma. Amma Malam Mai Fassara, akwai tarkon da nake so ka kiyaye, kuma a ganina ya fi zaɓen kalmar muhimmanci. Sunan kimiyya ba hoton dabba ba ne. Wanda ya raɗa shi sau da yawa bai taɓa ganin dabbar da rai ba, busasshiyar fata ce aka aiko masa a akwati daga wata nahiya, wani lokaci ta yi watanni a jirgin ruwa. Kuma a dokar sunayen dabbobi, in suna ya riga ya kafu ba a canja shi don kawai bai dace da kamannin dabbar ba.

Ga misali. A tsibirin Cat Ba na ƙasar Biyetnam akwai wani biri mai dogon wutsiya, *Trachypithecus poliocephalus*, yana cikin birai mafi ƙaranci a duniya, waɗanda suka rage ba su kai ɗari ba. Jikinsa baƙi ne, amma kansa da wuyansa ruwan zinariya ne zuwa fari-fari, jaririnsa kuma ruwan lemo ne gaba ɗaya. In ka fassara sunan ka ce "biri mai kan-toka", ka koya wa yaro abin da idonsa zai ƙaryata ranar da ya ga hoton.

Ga kuma akasin haka a ƙofar gidanmu. Akwai wani ci-na-wuya da ke hauro mana arewa da damina, mai jan baki zur, cikinsa ja-ja ruwan ƙasa, fukafukai da wutsiya shuɗi mai ƙyalli. Ba ya damuwa da kifi sosai, a kan reshe yake zama ya yi shiru, sai ya faɗo kan fara ko ɗan ƙadangare. Kansa toka ne mai haske, shi ne ma ya fi cancanta da kan-toka. Amma sunansa na kimiyya *Halcyon leucocephala*, mai farin kai, kalmar da ke jikin gaggafar nan ta tambarin Amurka, *Haliaeetus leucocephalus*, wadda kanta fari ne fat. Sannan akwai ɗan ƙaramin aku na Madagaska, *Agapornis canus*, wanda namijin ne kaɗai ke da kai mai launin toka, macen koriya ce har kai.

Don haka aiki biyu ne a gabanka, kada ka haɗa su. Faɗin abin da sunan kimiyya yake nufi daban, sa wa dabba sunan da za a riƙa kiranta da shi a Hausa daban. Na farko amana ce ga wanda ya rubuta, sai ka faɗi abin da ya ce ko da ya kuskure. Na biyu kuwa sai ka kalli dabbar.

Mai Kallon Tsuntsaye:

Malama ta faɗi gaskiya, kuma zan ƙara sharaɗi ɗaya: inda Hausa ta riga ta sa suna, a bar shi. Gwara da ke shiga mana rumbu tana sheƙa a ramin soro, sunanta na kimiyya *Passer griseus*, kalmar ta biyu Vieillot ya sa mata a 1817, kuma *griseus* Latin ce ta baya-baya mai nufin toka-toka kawai. Littattafan Turai suna kiranta da launin kanta domin su bambanta ta da gwararen ƙasarsu. Mu a wurinmu ita ce gwara, ba ta bukatar ƙari sai a littafin da zai jera ta da 'yan'uwanta.

Haka ɗan akun nan kore mai rawayan ciki da ke ɓarna a gonar gero da masara, *Poicephalus senegalus*. Sunan zuriyarsa, wato kalmar farko, wanda Swainson ya ƙirƙira a 1837, daga wata kalmar Girkanci ce kuma daban, *phaios*, toka mai duhu. Kansa kuwa haka yake, toka mai duhu da ido rawaya. A nan kan-toka zai yi amfani ƙwarai, domin zai raba shi da babban aku mai jar wutsiya wanda duk jikinsa ne toka.

Mai Fassara:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Ga inda na tsaya, in akwai mai gyara ya gyara.

Wajen bayyana ma'anar sunan kimiyya zan bi asalin kalmar. *Poliocephalus* da *caniceps* da *canicapillus* zan ce "mai furfura a ka", domin abin da suka faɗa ke nan, kuma hujjar ƙanenmu ɗalibin likitanci ta gamsar da ni cewa in an haɗa kalmar da kai, can ta dosa. Masu tushen toka zan ce "mai kan-toka", *plumbeiceps* kuma "mai kan-dalma". Tsoron da Malama ta ji game da tsufa bai taso a nan ba, tunda a layin bayani ne, inda akwai filin ƙara jimla ɗaya a ce launi ake nufi.

Wajen sunan kira kuwa, in dabbar ba ta da suna a Hausa kuma kanta ya yi launin da gaske, kan-toka zan yi amfani da shi, da "mai" da karan ɗori yadda ɗan'uwanmu na Maraɗi ya tsara. Furfura zan ajiye ta ga irin tsuntsun nutson nan mai farin sili. Birin Cat Ba kuma zan kira shi da sunan tsibirinsa, in bayyana a ƙasa cewa sunan kimiyyarsa ya saɓa da kamanninsa.

Ga yadda shafin jemagen zai fara:

*Jemage mai kan-toka. Sunan kimiyya: Pteropus poliocephalus. Kalmar farko tana nufin mai ƙafa da fiffike, ta biyu kuma mai furfura a ka, saboda launin gashin kansa, ba don tsufa ba. Yana zaune a gabashin Ostareliya, har cikin manyan birane irin su Sidni da Melbon. Wuyansa na da zoben gashi ja-ja da ya kewaye shi, gashin ƙafarsa kuma ya sauko har idon sawu. Da rana dubbai sukan taru su rataya a itatuwa, da dare su bazu neman 'ya'yan itace da ruwan furen itacen turare, a haka suke ɗaukar garin fure daga wannan itace zuwa wancan. Ba sa jure tsananin zafi: in ya haura digiri 42 sukan faɗo su mutu da yawa.*

Malamar Bayoloji:

Ya yi, Malam. Gyara ɗaya: "garin fure" yara za su iya ji kamar garin da ake tuwo da shi ko gari na mutane. Ka ce "ƙurar fure", sannan ka ƙara cewa ita ce ke sa itace ya yi 'ya'ya. In ka kammala babin tsuntsaye ka turo mini, zan gwada shi a aji biyu in ga yadda kan-toka zai shiga kunnensu.

Dattijon Katsina:

Ni kuma a shafin tsuntsun nutson nan, ɗana, ka sa hotonsa na lokacin aure, domin an ce in lokacin ya wuce fararen gashin suna zubewa. In ka sa ɗaya hoton, yaro zai nemi furfurar ya rasa.